Tabona a Jikin Maɗaci

A ƙauyenmu da ke kan hanyar Bukkuyum, ba don sanyi kaɗai ake hura wuta ba. Da damina, idan muka taso daga karatun allo, mukan tarar da kakarmu, Inna Ige, ta zuba ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya a kan garwashi, hayaƙin yana korar sauro. Har yau in na shaƙi wannan ƙamshin, muryarta nake ji.

"Ga ta nan, ta biyo hayaƙi ta shigo," in ji ta, in za ta fara tatsuniya. Mu kuma mu ce ta zauna mu ji ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta maɗaci. Wai a zamanin da itatuwa ke magana, ɗan wata mata ya kwanta da zazzaɓi, ta je gindin maɗaci tana kuka. Maɗaci ya ce ta yi bisimilla, ta sassaƙi ɓawonsa ta gabas, faɗin tafin hannu, ta shafe wurin da laka. "Amma kada ki zagaye ni, rigata guda ce." Ta jiƙa ta ba yaro, Allah ya ba shi lafiya. Kura ta ji labari, ta zo ta ɓare ɓawon kaf, wai ta tara maganin shekara. Maɗacin ya bushe. Tun ranar itatuwa suka yi shiru, sai dai mutum ya tambayi tsofaffi.

Na ce, "Inna, ni dai ban taɓa shan maɗaci ba."

"Ji angon banza! Kai da ka sha shi kana ihu awa an yanka ka?"

Da safe ta kai ni gonar kakanmu, inda wani babban maɗaci yake. Jikinsa duk tabo ne, kowanne ya warke ya yi leɓe. "Wanga naka ne," in ji ta. "Wancan na Sanusi, ɗan baffanka, shekarar da ciwon ciki ya kusa tafiya da shi." Babu tabon da ba ta san mai shi ba.

Bayan rasuwarta, gonar ta faɗa rabon Sanusi. Wata safiya aka ce mini ya kawo masu injin yanka katako, zai rufa ɗaki. Na iske har sun tayar da injin. Ban yi masa gardama ba, iccensa ne. Hannunsa kawai na kama na ɗora a kan tabon da Inna ta ce nasa ne.

"Yaya, ka san na wane ne wanga?"

Ya daɗe yana shafa wurin. Matan da ke hanyar rafi suka tsaya, wannan ta nuna na ɗanta, waccan na ƙanwarta. Can ya juya wurin mutanensa.

"Ku kashe injin. Azara ma tana rufa ɗaki."

Yanzu in 'ya'yana ba su da lafiya asibiti nake kai su, kuma na san Inna ba za ta hana ba, waraka ta Allah ce. Amma maɗacinmu yana nan tsaye, Alhamdulillahi. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar kwaɗayin kura ce kawai. Sai daga baya na gane abin da tsohuwar take koya mana: itatuwa sun yi shiru, amma namu yana ɗauke da sunayenmu a jikinsa kamar allo, kuma ba ta bar duniya ba sai da muka iya karatunsa.