Wani Tsoho Gurgu

Ƙamshin daddawa ne ya fara dukan hancina da na kwance ƙullin da Inna ta aiko mini ta hannun wani Alhaji mai sarin kaya da ke zuwa shagonmu na tura kaya gida a unguwar Al Muraqqabat ta Dubai. A ƙarƙashin daddawar akwai littafi sabo fil, da hoton Kawu a bango, sanye da rigar fasto. Na rungume shi a ƙirji. Ka san halina, mai karatu, ni da littattafan soyayya suka raina, ko takardar sayen kaya na gani sai na sa mata rai.

Kakana na wajen uwa bai san baƙi ko ɗaya ba, amma shi ke wa'azi a majami'ar ƙauyenmu, wadda rufinta na kara ke yoyo duk damina. Ranar Lahadi Kawu, ɗansa na fari, zai miƙe ya karanta wasiƙun manzanni, sannan Kaka ya dogara sandarsa, ya jawo gurguwar ƙafarsa zuwa gaba, ya warware abin da aka karanta da zancen gero da rijiya da jaki. Mata su daina fifita. Har ruwan da ke ɗiga cikin ƙwarya nakan ji kamar ya sassauta.

Yakan ce haka masu bi na farko suka yi a ɗakunansu, wani ya karanta, wani ya fassara, kuma manzon kan bar wanda ya riƙe masa alƙalami ya sa sunansa. Shi ya sa bai taɓa sauka ba sai ya ce, “Ku gode wa ɗana, shi ya ara mini ido.”

Da yamma, a gindin tsamiya, Kawu ke rubuta abin da aka faɗa da safe.

“Baba, bakinka zai tafi, takarda za ta zauna da sunanka,” in ji shi.

Kaka ya yi dariya. “To ka rubuta da kyau, kada ka sa mini gishiri.”

Da na tashi aiki na hau abra, kwale-kwalen haya, zuwa Bur Dubai, inda nake kwana, na buɗe littafin a kan ruwa. Muryar Kaka ce daga farko har ƙarshe. Ga rijiyar, ga jakin. Na duba bango, na duba godiya, babu shi. Sai a tsakiya na iske wa'azin ƙafarsa, na ranar da ya faɗo daga dabino ya koyi jira. Kawu ya fara shi da cewa, “Wani tsoho gurgu da na taɓa sani a ƙauye.”

Tun ban sauka ba na kira shi.

“Kawu, wane tsoho ne wannan?”

“'Yata, mutanen birni ba za su sayi wa'azin wanda bai yi makaranta ba. Saƙon ai ya isa inda za shi.”

A littattafan da na girma da su, masoyi ne ke cin amana, a yi kuka, a shirya a shafin ƙarshe. Wannan karon mahaifi aka ci wa, kuma yana kabari.

Yanzu majami'ar ta sami kwanon rufi da lasifika, yaran da ke cikinta ba su taɓa jin sandarsa a ƙasa ba. Littafin za su sani. Na ari biro wajen matar da ke gefena, na soke layin nan, na rubuta a samansa abin da ya kamata Kawu ya rubuta: Babana.