Ziyara a Gindin Teku

Ni da ko kududdufin unguwarmu a Kano ban taɓa shiga ba, sai ga ni da furfurata ina koyon nutso a New York. Maƙwabcina ne ya ja ni, wani ɗan Damagaram mai shagon huluna a unguwar Port Richmond. Ƙanensa ya nutse a teku a hanyar Turai, ba gawa ba kabari, abin ya tsaya masa a rai. Da ya ji akwai jiragen da suka nutse kusa da gaɓarmu, ya ce sai ya je ziyara kamar yadda ake zuwa maƙabarta. Ni kuwa na ci tuwon gidansa da yawa, ba bakin cewa a'a.

Bayan mun sha koyo, aka cusa mu cikin rigar roba, tumbi a gaba, tulun iska a baya, ƙafa irin ta agwagwa. Da matata ta gan ni, da a ranar ta nemi takardarta.

A cikin kwalekwale Baturen da ke mana jagora ya ce min da gangan aka nutsar da jirgin da za mu ziyarta don kifaye su samu gida, ko kyanwa ba ta mutu a ciki ba. Maƙwabcina yana gefe yana amai. Haushi ya kama ni, na kuma rasa ta inda zan faɗa masa.

Muka bi igiya muka sauka. Ruwan kamar miyar kuka, sanyi har cikin haƙori. Jirgin na kwance, duk tsatsa. Maƙwabcin nawa ya durƙusa a yashi ya ɗaga hannu, kumfa na fita daga bakinsa. Wani ƙaton kifi mai leɓe ya zo ya tsaya gabansa, sai ka ce shi aka bar wa cewa amin. Dariya ta kusa shaƙe ni, can kuma tausayinsa ya rufe ni.

Da muka fito, muna karkarwa muna shan shayi, na kasa haƙuri.

"Alhaji, jirgin nan fa ba kowa a ciki. Kifi ka yi wa addu'a."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na sani, Malam, tun kafin mu taso. Amma ai ruwan guda ne da na can."

Na miƙa masa tawul.