Malam Shitu, Wanda Ya Hana Ni Sayen Walƙiya

Duk mai shiga kasuwar Rogo da hantsi ya san teburin nan na bakin rumfar masu tireda. Malam Shitu yakan iso a kan kekensa, ya jingine shi, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera agoguna a dama, fim da batir a hagu. Sai ya soma gaisuwa. Gaisuwar kan kai shi azahar, aikin kuma a tsakaninta yake yin sa. Shekara ashirin da shida ke nan. Gyaran agogo ne sana'arsa, amma tun da kyamara ta fara shiga hannun mutanen gari, duk wadda ta ƙi aiki wurinsa ake kai ta. Bana ya ce ido ya gaji, bayan Babbar Sallah zai naɗe ƙyallen. Shi ya sa na ce bari in yi magana yanzu, tun yana ji.

Ni ban yi boko ba. A jikin gwangwanin madara da jaridar naɗe ƙosai na koyi haɗa baƙi. Kyamarar da nake ɗaukar hoto da ita ma ta Yaya Audu ce, ya sayo tsohuwa a Kano, ya yi wata biyu yana ɗaukar kansa a jikin motocin mutane, ya gaji ya ba ni.

Abin da ya kai ni teburin Malam Shitu kaset ne. Baffana Abdulsalami yana Kumasi, shekara goma sha ɗaya bai zo gida ba. Ya aiko da kaset, bayan ya gaida kowa har da jakin gidan, sai ya ce abu ɗaya yake roƙo, hoton mahaifiyarsa, kakarmu Iya Maijidda. Iya tana ƙauyen Kwanyawa, ƙafa ta hana ta fita ko tsakar gida, ɗakinta kuma duhu ne. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Da aka matsa mata ta ce: "Sau ɗaya. Ruƙayya ce za ta ɗauka. Kuma kada a yi min walƙiyar nan ta Muntaka."

Ni ce Ruƙayyar. Muntaka kuwa taubashina ne, yana aikin ofis a Karaye. Yana da jakar kayan hoto wadda sai ya canja kafaɗa sau biyu kafin ya kai tasha. Akwai fitilar walƙiya, akwai dogon gilashi mai jawo nesa, akwai wasu gilasai masu launi da ko shi bai san ranar amfaninsu ba. Kowanne yana da sunan Turanci, kuma sai ya lanƙwasa baki yake faɗa. Shi ya ɗauki hotunan sunan ɗiyar Talatu, matar yayana. Da aka wanko, duk dangi idanunsu jajaye kamar an kama maguna a rumbu. Iya ta gani. Ta daɗe tana dubawa ta ce, "Allah ya ba su lafiya."

Duk da haka Muntaka ya ce min ba a hoto a ɗaki sai da walƙiya. In saya kawai, in danna kafin tsohuwa ta ankara. Na kuwa je wurin Malam Shitu saya.

"Baba, ina kwana. Fitilar walƙiya nake so."

Akwai guda a teburin, ina ganinta. Bai ko dube ta ba.

"'Yata, wa za ki ɗauka?"

Na faɗa masa.

"Ta ce ba ta so?"

"Ta ce."

"To ba na sayar miki da abin da za ki saɓa wa kakarki. Ƙofar ɗakin ina take kallo?"

Ni dai na zo sayayya, sai ga ni ina amsa tambaya kamar a gaban alƙali. Na ce gabas. Ya ce madalla, rana ta riga ta biya min kuɗin fitila. Ya tambaya ko akwai turmi a gidan. Na ce Baba, gidan manoma ne. Ya ce in kifa shi a bakin ƙofa. In ɗinka ɗan ƙaramin buhu kamar tafin hannu biyu, in zuba gero, kada in cika, in ɗora kyamarar a kai ta zauna daram. Ya ce a ɗauko babban farin tire daga kayan jere, wata ta riƙe daga gefe, ya mayar da hasken ƙofa kan kuncin da ke cikin inuwa. Abu biyu kawai ya ba ni: fim mai saurin kama haske, da wata 'yar waya da ake murɗawa a jikin kyamara, a danna daga nesa.

"Hannun ɗan Adam rawa yake, ko na liman," in ji shi. "A ɗaki mai duhu rawar nan ita ke ɓata hoto. Ke dai kada ki taɓa kyamarar."

Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Hammawa mai shanu shaida ne. Ya zo yana so a sayo masa dogon gilashi irin na Muntaka don ya ɗauki bijiminsa. Malam Shitu ya ce, "Bijimin naka ne ko na wani?" Ya ce nasa ne. Ya ce, "To matsa kusa da shi." Igiyar ratayawa a wuya ya sayar masa, don mai bin shanu hannunsa ba ya rabuwa da sanda.

Ranar ɗaukar, Muntaka ya zo da jakarsa don ya ga yadda za ni kunyata. Ya tarar da turmi a kife, Talatu riƙe da tire.

"Hoto za a yi ko daka?"

"In ka matsa daga hasken za ka gani."

Iya ta sa aka ciro mata wani ɗankwali daga ƙasan adaka. Ta zauna bakin gado ta haɗe rai. Na ce, "Iya, riƙe numfashi." Ta ce, "Shekara tamanin ina riƙon abin da ya fi numfashi, ke dai yi abinki." Na danna wayar. Ƙas. Shi ke nan. Na ce a ƙara ɗaya don tsaro, ta ce ita ba ta magana biyu.

Kwana goma sha biyu fim ɗin yana Kano wurin wanki. Tuwo ma ba ya min daɗi. Ranar da direban bas ya kawo ambulan, a teburin Malam Shitu na buɗe. Ya sa gilashinsa na duba cikin agogo, ya duƙa, ya daɗe. Sai ya ce, "Talatu ta iya riƙon tire." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Iya ta karɓi hoton, ta nesanta shi, ta kusanto. Ta ce, "Wannan ai Innata ce." Sai ta ce a tura wa Baffa.

Bayan wata uku kaset ya zo daga Kumasi. Aka taru aka kunna. Baffa ya yi sallama, sai shiru, har Yaya Audu ya soma bubbuga rediyon yana zaton batir ne. Can muka ji ya ce, "Inna, ashe ɗankwalin da na aiko shekarar farko yana nan. Har zanen gefensa na gani." Da kaka, lokacin girbi, ya zo gida.

Malam Shitu, kai ne ɗan kasuwar da ake zuwa da kuɗi a koma da rabinsu da kuma abin da aka zo nema. Kai ne kake tambayar ina ƙofa take kallo kafin ka tambayi me ke aljihu. Da ka miƙo min fitilar nan ranar, ba wanda zai ce ka yi laifi, ni kuwa da na rasa hoton, na rasa yardar Iya. Na gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu teburi da masu kanti, ku koya. Mai saye ba ya rasa abin saye, wanda zai ce masa "bar shi" yake rasawa. Masu kyamara, kafin ku rataya jaka, ku duba tsakar gidanku tukuna.

Muntaka ma ya koya. Yanzu akwai ɗan buhun gero a jakarsa, ya sa baduku ya yi masa riga ta fata. Ya ce a wata mujalla ya gani. Na gaya wa Malam Shitu. Ya ce ba komai, in dai ce masa ya riƙa duba geron, kada ƙwari su cinye masa mujallar.