Ragar Lubabatu da lambobin bakin iyaka

An ce wai Lubabatu ɗiyar Kawu Sallau ta ajiye doguwa, aljanar nan, cikin kwamfutarta, tana ba ta nono kullum safiya, ita kuma ta zaƙulo mata mutum guda cikin dubu tara kafin a ɗaura kallabi. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu doguwar da za ta jure zafin biro, wato ofishin ƙungiyar manoma na Dogon Dutsi. Lubabatu ce kaɗai ta daure shekara shida, har idanunta suka koma jan gauta.

Aikinta ke nan: ma'aikata su zaga ƙauyuka su rubuto suna da gari da lambar waya duk a cakuɗe, ita ta tsamo lambobin a tura wa manoma saƙo. Nema iri biyu ta iya. Akwai na kai-tsaye: ka rubuta sunan gari kamar Matankari, na'ura ta kawo duk layin da ke da sunan, amma sai ka san abin da kake nema. Akwai kuma na siffa da ta koyo a Yamai, wai shi regex: ka ce duk inda lamba takwas cif suka jeru, irin na wayar Nijar, a kwaso, umarni guda ya share layi dubu tara kamar raga. Da wannan take taƙama.

Bana saƙon rabon irin wake ya fita ranar Litinin. Laraba sai ga dattawan ƙauyukan bakin iyaka a ƙofar biro, wai an ware su. Ashe can layin Nijar ba ya kamawa, na Najeriya suke riƙe da shi, mai lamba goma sha ɗaya. Ragar ta tsallake mutum ɗari huɗu, ga rabo zai rufe Juma'a, ga hadari ya fara haɗowa.

Lubabatu ta ja kujera ta zauna. Ta daina yarda da gwaninta, ta koma neman kai-tsaye, gari bayan gari, tana bin layi da yatsa. Sai la'asar ta Alhamis ta tura saƙon ƙarshe, tuwonta na rana yana kwano ko buɗewa ba ta yi ba.

Nan taubashinta Ma'azu ya leƙo. Ya tambaye ta ko don bin layi da yatsa Kawu ya sai da bijimi ya kai ta Yamai, ya ƙara da cewa shi ma har yanzu wayarsa shiru.

"Taka lambar na gan ta, da hannuna na tsallake ta," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bara da anka ba ka iri, ƙosai ka sa anka toya da shi."