Daji Biyu Gare Mu

Ina zaune ƙofar gida a Sabuwa da kwamfuta bisa cinya, sai Kawu Sale ya leƙo.

"Wai mi kake ta kallo tun safe, haruffa kamar tururuwa?"

Na ce mishi aikin gama jami'a ne. Akwai wata ƙwayar gado a jikinmu da ke tare ciwon daji. Ina jera ta mutum da ta saniya, kaza, ɓera da giwa, da sinadarin furotin ɗin da kowace ke samarwa, in ga inda suka yi kama. Har da iyayi na ƙara mishi da cewa giwa tana da irinta da yawa, shi ya sa ba ta cika kamuwa ba.

Shaf na manta matarshi, Inna Rabi, tana ciki kwance da ciwon a nono. An yi ta ɗage kai ta asibiti Zariya saboda 'yan bindiga sun hana hanya biyuwa.

"To madalla," ya ce. "Giwa na kwana daji, daji bai taɓa ta ba. Mu da ke kwana ɗaki, daji biyu gare mu, ɗaya cikin jiki, ɗaya bisa hanya da bindiga. Shi ɓeran fa, yana kamuwa?"

"Yana kamuwa, Kawu. A kanshi ake gwada magani."

"Ashe shi har likita gare shi."

Na rufe kwamfutar.

Jama'a, akwai wanda ya san inda ake rajistar zama ɓera? Inna Rabi muke nemar wa gurbi.