Baba Haruna da Alƙiblar Tulon

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Talata 25 ga Rajab 1442, daidai da 9 ga Maris 2021, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Haruna, tsohon soja, a gidansa da ke bayan kasuwar dabbobi a nan Gure. Takarda ta ce shekarunsa casa'in da takwas. Shi bai taɓa yarda da wannan lissafi ba. Yakan ce Baturen da ya rubuta shekarun haƙoransa kawai ya duba, kamar mai sayen raƙumi. An yi masa sutura bayan azahar, kuma duk wanda ke da ƙafar tafiya a unguwarmu ya raka shi.

Baba, ni ne maƙwabcinka, malamin labarin ƙasa, wanda kake kira Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, sannan ka ƙara da cewa, "Na lakwal nake nufi, ba na bakin hanya ba." Shekara talatin kana yi mini wannan tsiya, ban taɓa samun abin ramawa ba. Mutane da yawa za su yabe ka, kuma ka cancanta. Ni dai da laifi na zo. Da bakina na jefa maka damuwar da ka ɗauka shekara bakwai har ka shiga kabari da ita, kuma ina so a sani.

Gure ta san ka da abu ɗaya: ba a barin gawa a wulaƙance kana raye. Baƙo ya faɗi a tasha, direba ya kife da mota a hanyar Gidigir, mahaukaci ya mutu a gindin bishiyar bedi ba wanda ya san danginsa, wurinka ake zuwa. Kullum da farin ƙyalle a ninke a akwatinka. Kai ke wanka, kai ke shiga rami, kai ke gyara kwanciyar mamaci, kai kudu, kafaɗar dama a ƙasa, fuska gabas. Ban taɓa jin ka tambayi ko ɗan wane ne ba. Amma mutumin nan da bai ƙyamar ruɓaɓɓiyar gawa bai iya yanka kaza. Ko ragon layyarka, liman ke zuwa ya yanka maka, kai kuwa ka juya baya kana kallon katanga. Mun daɗe muna dariyar wannan kafin ka gaya mini dalili.

A 1943 aka ɗebe ku daga Bune, ku samari, aka ce za ku je ku ƙwato wa Faransa ƙasarta daga hannun Jamus. Kai ɗan malami ne, tun kana ƙarami kake riƙe wa mahaifinka buta in yana wankan gawa, don haka abokan aikinka suka laƙaba maka Liman. A cikin motar da ta kai ku Damagaram ka haɗu da Rashidu, makiyayi daga Kelle, wanda ka ce bai taɓa sa takalmi sau ciki ba sai ran nan, ya rataya su a wuya don kada su lalace. Daga ranar ba ku rabu ba, har watan Agusta na 1944 da jirgin ruwa ya zubar da ku a gaɓar Faransa, aka nufi birnin Tulon da ku.

Sau ɗaya ka ba ni labarin wannan yini daga farko har ƙarshe. Zan faɗe shi yadda na ji, ba zan tausasa ba, don kai ma ba ka tausasa ba.

Da safe ne. Aka ce ku haura wani tudu ta cikin gonar inabi. A saman tudun Jamusawa sun gina ɗaki na siminti rabinsa a ƙasa, sun girke bindiga mai jigida a ciki. Suka ƙyale ku sai da kuka kai tsakiyar gonar, sannan suka buɗe wuta. Layin farko ya zube gaba ɗaya. Kafaran ɗinku, wato kofur, wani Bazabarme, ya juyo zai ba da umarni, harsashi ya tafi da muƙamuƙinsa na ƙasa. Ka ce ya yi ta ƙoƙarin magana, harshe na lilo a ƙirjinsa, yana nuna muku gaba da hannu. Wani ya taka nakiya, ƙafarsa da takalminta ta faɗo kusa da kanka. Kuka kwanta kuna cusa fuska cikin ƙasa, inabi na fashewa a kanku, har ba ka iya bambance ruwansa da jini a rigarka.

Nan ɓarin bom ya samu Rashidu a ciki. Ka ja jiki ka isa wurinsa, ka tarar ya tattara hanjinsa da hannu biyu yana neman mayar da su. Ka cire hularka ka danna masa, ba ta tare komai ba. Ya nemi ruwa, gorarka ta huje. Sai ya kama wuyan rigarka ya ce, "Liman, kada ka bari su jefa ni rami ɗaya da kowa da kowa. Ka juya ni gabas." Ka ce masa to. Ka laƙƙana masa kalmar shahada, ya kai rabi.

Wani Bature ɗan wani ƙauye da ke kusa, cikin waɗanda suka daɗe suna yaƙar Jamus a ɓoye, ya rarrafo ya nuna muku wani kwazazzabo da ke zagawa bayan tudun. Ku bakwai kuka bi shi. Kuka jefa gurneti ta ƙofa, kuka afka cikin hayaƙin da adduna, don wuri ya yi ƙunci ga bindiga. Na farkon da ka ci karo da shi mai tabarau ne, ya kai sa'ar mahaifinka. Ka sare shi a gindin wuya. Addar ta maƙale a ƙashi, sai da ka taka ƙirjinsa ka fizgo ta, yana kallonka. Ka ce ba ka san ko hannu yake ɗagawa don ya miƙa wuya ba, ko bindiga yake lalube. Ba ka taɓa sani ba. Tun daga ranar wuƙarka ba ta sake hawa wuyan wani mai rai ba.

Da birnin ya faɗi, aka yi ta kaɗa ƙararrawa, mata na jefa furanni, ana rungumar duk baƙin sojan da aka gani. Kai kuwa ka ɗauki ƙaramin shebur ɗin soja ka koma gonar inabi. Musulmi goma sha ɗaya ka tattara, sun kwana uku a rana, wasu sai da bargo aka kwashe su. Babu ruwa, ka yi musu taimama. Wata tsohuwa mai gonar ta ga abin da kake yi, ta shiga gida ta kwaso zannuwan gadonta farare ta miƙa maka, ba ta jin maganarka, ba ka jin tata. Ka lura da inda rana ta fito, ka ja layi a ƙasa, ka haƙa. Kowa da kabarinsa da alamar sunansa a kai, kowa fuskarsa gabas, yadda ka ga mahaifinka yana yi a Bune. Ka ce mini, "Mushe, cikin duk abin da na yi a yaƙin nan, wannan kaɗai nake son a tambaye ni ran gobe."

To, ga inda na shigo.

A 2014, shekara saba'in da saukarku, na ɗauko babbar taswira daga makaranta na shimfiɗa a zaurenka, wai in nuna maka inda ka je. Ka yi murna. Ka sa yatsa a Tulon, ka yi dariyar ƙanƙantarta. Sai ka ce, "Ina Makka a nan?" Na nuna. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma malami ba ya ganin ƙofar nuna sani ya wuce. Na ɗora sanda daga Tulon zuwa Makka, na ce, "Ka gani, Baba, mu nan ne gabas da alƙibla suke abu ɗaya. A can alƙibla kudu maso gabas take."

Ka ce, "Ba gabas ba?"

Na ce, "A'a."

Ka ce, "Wanda ya kalli inda rana ke fitowa fa, a watan nan da muka sauka?"

Na ce, "Ai ya kauce da nisa. Wannan wajen Rasha ya dosa." Har na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Labarin gonar inabi yana kaina, amma wallahi bai faɗo mini ba sai da na ga fuskarka. Ka daɗe kana kallon sandar. Sannan ka ce in naɗe takardata, kana so ka kishingiɗa.

Mu Hausawa gabas muke cewa in muna nufin alƙibla. Mutum ya tashi salla sai mu ce ya fuskanci gabas, mara lafiya ya yi nisa sai mu ce a juya shi gabas. Ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan Bune mai shekara ashirin cewa kalmar tana da iyaka, in ka haye teku ta daina aiki. Na yi maka wannan bayani ya fi a ƙirga. Na kawo liman, ya karanta maka abin da malamai suka ce, cewa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, babu laifi a kansa. Ka saurare shi da ladabi har ya gama. Ka ce, "Na gode, Liman. Ni ka wanke. Su kuwa suna can kwance yadda na bar su."

Daga nan ka daina ba da labarin yaƙi. Ka daina shiga kabari. In an zo neman ka, sai ka ba da ƙyalle ka ce a kira wanda ya sani. Mutane suka ce tsufa ne, ni kuwa na san ba tsufa ba ne. Ka sa na rubuta sunayen goma sha ɗayan, da garuruwansu, ba ka manta ko ɗaya ba. Na aika wasiƙu duk inda aka ce mini a aika. Wasu ba su dawo ba, wasu suka dawo da cewa babu mai irin wannan suna, don yadda muke faɗin suna daban, yadda magatakardan Bature ya rubuta shi daban. Gaisuwarmu ta safe ta koma tambaya ɗaya: "Mushe, an amsa?" Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, na shiga duba ka, muryarka da ƙyar take fita, ka sake tambaya. Zuciyata ta ce in yi maka ƙarya. Na kasa. Na ce ba a amsa ba tukuna. Ka ce, "To."

Akwai wata tsohuwar ɗalibata, Lailatu, da ke aikin jinya a kudancin Faransa. Tun shekara biyu da suka wuce na tura mata sunayen, sai annoba ta zo ta tsare ta a wurin aiki, ta hana yawo. Ranar Alhamis, muna zaune a ƙofar gidanka ana karɓar gaisuwa, wayata ta yi ƙara. Hotuna ne da saƙon murya. Ta ce ta samu hutu ta je wata maƙabartar soja. Mai kula da wurin ya gaya mata cewa bayan yaƙi an bi gonakin yankin an tono waɗanda aka binne nan da can, aka tara su wuri ɗaya, aka ware wa Musulmi nasu sashe. Ta bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunaye da ƙarfi, don sai ta furta su take gane su. Ta samu tara cikin naka. Ta aza wayarta a kan kowane kabari ta duba alƙibla. Duka daidai suke. Hoto na huɗu na Rashidu ne, an rubuta sunan a karkace, amma ga ranar, ga watan.

Na tashi daga cikin mutane na zaga bayan gida. Ban yi kuka ranar jana'izarka ba, nan na yi.

Baba, an juya su. Tun kana saurayi aka juya su, tun kafin ka auri Ya Kaka, tun kafin a haife ni balle in shimfiɗa maka taswira. Da kabarin da ka haƙa wa kowa shi kaɗai aka samu abin tonowa, da suna a kansa. Ba a jefa Rashidu rami ɗaya da kowa da kowa ba. Kwana biyu kacal suka raba ka da wannan labari, kuma wannan kwana biyu zai zauna mini a ƙirji har in tarar da kai.

Saura biyu ba a gan su ba. Kada ka damu da su, sun dawo wuyana, zan ci gaba da nema muddin ina numfashi.

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo. Ka gafarta masa abin da hannunsa ya yi a yinin da ba shi ya zaɓa ba. Ka karɓi abin da ya yi da shebur. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci yadda ya suturta bayinKa da ba su da kowa. Ka jiƙan Rashidu da sauran goman, da duk wanda yaƙin nan ya ci. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinsa, Inna Ya Kaka, da 'yarsa Zaliha wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe, da jikoki, da mutanen Bune da na Gure baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ya huta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kuma ya Ubangiji, ni muryata ba ta isa inda yake. Ka isar masa cewa an amsa.