Komar Yaya Sale da ke rataye a Mansur

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a nan Makka, garin da ba shi da tafki ko ɗaya. Shi kuwa masunci ne ɗan masunci, a bakin tafkin garinmu can ƙasar Haɗeja ya buɗe ido.

Ciyawa ce ta raba shi da ruwan. Kacalla muke kiranta. Ta fara tsayawa a gefe, ta shiga tsakiya, ta toshe hanyar jirgi. Yaya yakan lissafa ɓarnar bi da bi, kuma haka nake so a faɗe ta. Da farko rana ta daina isa ƙasan ruwa. Sai gansakuka da ƙwarin ruwa suka ragu. Sai ƙananan kifi suka rasa abinci. Sai giwan ruwa, mai cin su, ya ɓace. Masunci ne na biyar a layi, shi ya sa Yaya ya ƙare a nan yana dakon siminti.

Komarsa kaɗai ya zo da ita, mai manyan idanu, saƙar kama giwan ruwa. Duk Juma'a bayan la'asar yakan shimfiɗa ta a saman benenmu na unguwar Mansur yana ɗinke ta. In ya lumshe ido, wai ƙarar motocin titi takan zame masa ruwa yana dukan jirgi, duwatsun Makka kuma su koma gajimare a kan tafki.

"Yaya, a kan dutse za ka jefa ta?" na taɓa tambayarsa.

"Kai dai riƙe mini bakin zaren, sarkin tsari."

Wasiyyarsa ɗaya ce: ranar da ruwa ya buɗe, a mayar da komar gida.

Yau jikokinsa kifin salmun suke ci, ja-ja, daga ƙasashen sanyi, a leda. Da yana nan, na san zai juya shi ya ce, "A wane ruwa ya girma? Me ya ci?" Su kuma su amsa da Larabci cewa ba su sani ba.

Kowace shekara nakan kira Habu, ɗan yayarmu da ke can gida, in tambaye shi ruwa. Bana ya ce sun yi gayya da lauje, sun buɗe fili a cikin kacallar kamar na sallar idi, rana tana taɓa ƙasa.

"Amma Kawu, kifin duk 'yan mitsi-mitsi ne. Ta idon komar nan za su wuce. Ka bar ta a wurinka."

Kwana uku ina auna maganar. Na ji tsoron in aika da wuri ta ruɓe a banza, na ji tsoron in jira in mutu da amana. Sai na bi lissafin Yaya yadda ya bar mini shi. Rana ta dawo. Ƙananan kifi sun dawo. Saura mai cin su.

Na naɗe ta, na ba wani alhajin garinmu da ke komawa. Saƙona ga Habu gajere ne: ya riƙa jefa ta duk Juma'a. Ƙananan su wuce abinsu, haka mai ita ya saƙa ta. Ranar da ta yi nauyi, ya kira ni.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale. Ƙusar da muke rataye komar tana nan a bango, ban cire ta ba.